G5, GI 275, Aspen, Dynon ko G3X: wanne za ka sa a tsohon Cessna 172 ɗinka?

Wannan magana ta wanda yake da ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya, irin Cessna 172 na shekarun 1970 ko Piper Cherokee, shi kaɗai ko na haɗin gwiwa da abokai, ya gaji da tsofaffin agogunan nan shida masu allura yana so ya koma sikirin, amma ya tambayi mutum uku kowa ya faɗa masa abu daban. Ɗaya ya ce G5 biyu kawai ka huta, ɗaya ya ce ai ɓarnar kuɗi ce ka tara ka sa G3X gaba ɗaya, na ukun ya ce Dynon ya fi araha. Duk cikinsu babu maƙaryaci, kowa dai jirginsa da irin tashinsa yake kallo.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne ba sikirin ɗin ne zai yanke maka hukunci ba. Otofailot ɗin da ke jirginka yanzu, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ko wanda kake burin sawa nan gaba, da kuma na'urar GPS ɗinka, su ne za su ce maka ga hanya. Mutane da yawa suna fara zaɓe da ido, wanne ya fi kyau wanne ya fi girma, sai an kwance dashbod injiniya ya ce ai wannan ba ya magana da otofailot ɗinka.

Me ya sa ma ake canzawa

A tsohon tsari agoguna biyu mafi muhimmanci, wato mai nuna karkatar jirgi da mai nuna alƙibla, jairo ne ke cikinsu, wato wani faifai mai juyawa da sauri, kuma famfon iska da ke manne a bayan inji ne ke juya su. Famfon nan cikinsa ɓangarorin gawayi ne masu saurin karyewa, shi ya sa ake ba da shawarar canza shi wajen awa 500, kuma ba ya yin sallama in zai mutu. Abin tsoron ba mutuwarsa ba ce kaɗai, yadda agogon yake yi bayan nan ne: jairon yana rage gudu a hankali, layin sararin yana kwantawa kaɗan kaɗan, kai kuma cikin gajimare ko cikin dare ba ka ganin waje sai ka bi shi kana tsammanin gyara jirgi kake yi alhali karkatar da shi kake. A watan Oktoba na 2000 gwamnan jihar Misuri ta Amurka, Mel Carnahan, ya rasu a hatsarin Cessna 335 da dare cikin mummunan yanayi, kuma binciken NTSB, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, ya ambaci lalacewar babban agogon karkata cikin abubuwan da suka jawo matuƙin ya rikice. Duk wanda ya taɓa tashi cikin hazon hunturu a Kano ko Yamai ya san ba sai da gajimare ba sararin sama ke ɓacewa.

Amma kar a yaudare ka cewa sikirin shi kaɗai tsaro ne. A 2010 ita NTSB ɗin ta fitar da nazari kan ƙananan jirage masu sikirin da marasa shi, ta ce ba ta ga wani ci gaba a fili ta fuskar tsaro ba, jimillar hatsari ta yi ƙasa a masu sikirin amma masu kisa sun fi yawa a cikinsu, kuma ta nuna yatsa ga batun horo. Don haka kuɗin malami da awannin koyon sabon allon suna cikin lissafi.

Ma'aunin da za mu bi

Na farko kuɗi, amma kuɗin da za ka biya har jirgi ya fito daga hanga ba wanda ke rubuce a jikin kwali ba. A Amurka kuɗin aikin injiniyan lantarkin jirgi yana kai dala 100 zuwa 150 a awa, kuma ƙananan akwatuna da wayoyi da ba a sa su a talla su ne ke cinye aljihu. Na biyu, me doka ta yarda na'urar ta maye gurbinsa, domin akwai bambanci tsakanin sikirin ya nuna maka gudu da kuma a yarda ka cire tsohon agogon gudu. Wannan yana cikin takardar izinin canji da ake kira STC, kuma dole samfurin jirginka ya kasance cikin jerin da takardar ta ƙunsa. Na uku otofailot. Na huɗu, in wuta ta ɗauke fa, wato altaneta mai ba jirgi wuta ta mutu kuma 172 ɗaya gare shi, minti nawa batirin cikin na'urar zai riƙe ka. Na biyar ƙarko da wurin gyara. Na shida sauƙin aiki da shi lokacin da jirgi ke gargada hannunka yana tsalle.

Bari in tsaya kan otofailot tukuna don nan ne mutane ke faɗawa rami. Tsofaffin otofailot kala biyu ne. Akwai masu karɓar bayani daga agogon kwana, wato mai nuna saurin shan kwanar jirgi, irin S-TEC 30 da 50 da 55X da kuma KAP 140, waɗannan ba ruwansu da agogon karkata, ka cire shi ka jefar za su ci gaba da aiki muddin ka bar musu agogon kwanansu. Akwai kuma masu shan bayani kai tsaye daga cikin agogon karkata mai jairo, irin Century II da III, da Autocontrol na jiragen Piper, da King KAP 150 da KFC 200. Irin waɗannan in ka cire musu agogon ka makantar da su. To in naka na rukuni na biyu ne kuma yana aiki lafiya kana so ka riƙe shi, zaɓinka ya ragu tun kafin mu fara.

Garmin G5, guda biyu

Wannan yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofa. An ba shi izinin shiga jirage masu satifiket a 2016 a kan dala dubu biyu da 'yan kai, daga baya aka ƙara masa izinin zama agogon alƙibla. Sikirin ne inci 3.5 da ke shiga ramin tsohon agogo, ba na taɓawa ba ne, abin murɗawa ɗaya ne da maɓallin kunnawa shi ke nan, kuma wallahi wannan ba aibu ba ne, cikin gargada abin murɗawa ya fi yatsa a kan gilashi. Ana sa biyu, na sama karkata na ƙasa alƙibla, in na saman ya mutu na ƙasan ya juye ya zama shi, kuma kowanne yana da batirin da kamfanin ya ce yana kai awa 4. GI 275 da AV-30-C ba su kai wannan tsawon numfashin ba. Da su biyun za ka iya kwance famfon iska da bututunsa da matatarsa gaba ɗaya, jirgi ya rage nauyi kaɗan, kai kuma ka rabu da canjin famfo.

Sai dai na ƙasan ba ya aiki shi kaɗai, yana buƙatar GMU 11 wato na'urar maganaɗisu da ake kaiwa can cikin fiffike nesa da ƙarfe da wayoyin wuta, da GAD 29B wanda ke haɗa shi da GPS da otofailot, in kana son zafin iskar waje kuma wani ƙaramin akwati ne daban. Jan waya zuwa cikin fiffike kaɗai yana cin awanni. Sannan G5 yana nuna gudu da tsayi amma a doka na taimako ne, tsofaffin agogunan gudu da tsayi suna nan daram. Ba ya nuna taswira, ba ya nuna inji. Fuskarsa kuma mai kusurwa huɗu ce tana zama a saman dashbod, a Cessna sai an yanke robar nan da ke rufe allon, in injiniyan ba mai tsafta ba ne za ka riƙa ganin bakin yankan kullum a gabanka. Babban gibinsa: ba ya ba tsohon otofailot bayanin karkata. Yana iya ba shi alƙibla da bin layin GPS, amma mai Century ko KFC 200 dole ya bar tsohon agogon da famfonsa, ka ga rabin amfanin ya tafi.

Inda G5 ya yi fice shi ne da sabon otofailot na Garmin GFC 500, wanda aka sanar a 2017 a kan wajen dala 7,000 ban da kuɗin sawa. Shi ne mai shuɗin maɓallin nan LVL, in kanka ya juya ka danna jirgi ya miƙe da kansa. A ganina ga mai tashi shi kaɗai cikin gajimare wannan haɗin ya fi babban sikirin amfani nesa ba kusa ba.

Garmin GI 275

Ya fito a farkon 2020, zagaye ne kamar tsohon agogo yana shiga rami ya zauna daidai da allo ba yankan roba, mai son jirginsa ya riƙe kamanninsa na da zai ji daɗinsa. Sikirin ɗin ya fi na G5 haske da kyau sosai, na taɓawa ne kuma da abin murɗawa biyu a haɗe. Farashinsa na farko wajen dala 4,000 ne kowane ɗaya, wato kusan ninkin G5. Me ka saya da ƙarin? Abu biyu masu nauyi. Ɗaya, a tsarin da ya dace an yarda ya zama babban agogon karkata da gudu da tsayi duka. Biyu, akwai samfurinsa da ke ba tsofaffin otofailot na King da Century bayanin karkata, wato mai KFC 200 zai cire famfon iska kuma otofailot ɗinsa ya ci gaba da aiki, sau da yawa ma ya fi tafiya santsi don ya rabu da jairon da ya gaji. Yana iya zama taswira, yana iya zama agogon inji, yana iya nuna hoton ƙasa da tsaunuka na kwamfuta in ka biya kuɗin buɗe shi.

Raunin sa batir, minti 60 ne ba awa 4 ba. Awa ɗaya ta isa ka sauka a yawancin wurare a Amurka ko Turai inda filayen jirgi suke kusa da juna, amma in kana ratsa inda fili na gaba yake da nisa ka yi tunani. Kuma bayanai sun yi yawa a ɗan ƙaramin da'ira, mai shekaru da ke sa tabarau zai ƙanƙance ido. Jikinsa ya fi G5 tsawo a baya, sai an auna kar ya taɓa sandar tuƙi a bayan allo in an ja ta har ƙarshe.

uAvionix AV-30-C

Wannan na mai ƙaramin aljihu ne, wajen dala 2,000 ya fara, an ba shi izini a 2020, zagaye shi ma, sawa ba wuya, batirinsa wajen awa 2. A matsayin agogon karkata ga mai tashin rana da sararin sama a buɗe ba shi da laifi ko kaɗan. A matsayin agogon alƙibla kuwa in ba ka ƙara masa na'urar maganaɗisu ba yana zamewa kamar tsohon, sai kana gyara shi da kamfas. Kamfanin ya yi ta ƙara masa kayan haɗi daga baya, amma in ka tara su duka farashin ya matso kusa da G5, kuma ba ya tuƙa GFC 500. Araha ba ta ado, amma tana biyan buƙata in buƙatar ƙarama ce.

Aspen Evolution E5

Aspen kamfani ne na Albakaki a jihar Niyu Meziko, tun 2008 suke wannan sana'a kafin Garmin ya sauko ƙasa da farashi. Dabararsu ita ce sikirin ɗaya dogo mai inci 6 da ke rufe ramuka biyu na tsakiya, sama karkata ƙasa alƙibla, ba sai an sake yanka allo ba. E5 ya fito a 2018 a kan dala 4,995, kuma daga baya kana iya biyan kuɗi a ɗaga shi ya zama Pro Max ba tare da an sake jan waya ba. Ƙarfin Aspen shi ne ba ya nuna bambanci, yana zama lafiya da tsofaffin rediyon King da GPS na Garmin ko Avidyne da otofailot na kamfanoni daban daban ta akwatinsa na ACU, kuma suna da wani akwatin, EA100, don otofailot masu buƙatar bayanin karkata. In jirginka tarkacen zamani uku ne kowanne daga kamfani daban kuma duk suna aiki, Aspen ne mai haɗa kansu.

Abin dubawa: akwati ɗaya ne, in sikirin ya ɗauke karkata da alƙibla sun tafi tare, ba kamar G5 biyu ba da ɗaya ke rufa wa ɗaya asiri. Dole ramukan biyu su kasance ɗaya a saman ɗaya daidai, jiragen farkon shekarun 1960 da aka watsa musu agoguna ko'ina ba za su karɓe shi ba sai an sake allo. Akwai kuma na'urarsa da ake dasawa a saman bayan jirgi, in aka sa ta kusa da ƙarfe mai maganaɗisu alƙibla za ta riƙa ƙarya. Kuma shi ma ba ya tuƙa GFC 500.

Manyan sikirin: Dynon SkyView HDX da Garmin G3X Touch

Nan an bar maganar canza agogo an shiga sake gina gaban jirgi. Ana cire komai, a yanka sabon allon alminiyam, a fenta a rubuta sunayen maɓallai, a ja sababbin wayoyi, kuma da zarar an buɗe sai a tarar da wayoyin shekara arba'in da wani ya ɗaure da salatif, da eriya da ta yi tsatsa, ba kuma injiniyan kirki da zai mayar da su haka. Shi ya sa aikin ke wuce awa 100 cikin sauƙi kuma jirgi ya yi wata biyu ko uku a ƙasa.

Dukansu biyu daga duniyar jiragen da mutane ke haɗawa da kansu suka fito. Dynon na jihar Washinton ne, ya samu izinin farko a 2018 kuma a kan Cessna 172 ɗin ma aka fara, daga baya aka faɗaɗa zuwa ɗaruruwan samfura. Yana da inci 7 da 10 da 12, a ƙasan sikirin akwai ɗan dandamali mai maɓallai inda za ka kafa hannu, abin da ke da daɗi cikin gargada. Tsarinsa ɗaya ne da ya haɗa agogunan tuƙi, inji, taswira, taransfonda mai sanar da masu kula da sararin sama inda jirgi yake, rediyo da otofailot nasa na kansa, yana zuwa da ƙaramin sikirin na ko-ta-kwana, taswirar Amurka kyauta ake sabunta ta, kuma ba dole sai dilan kamfani ne zai sa maka ba, injiniya mai lasisin da ya cancanta zai iya. Kayan sun fi na Garmin sauƙin kuɗi in ka jera su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ana biyan kuɗin takardar STC daban. Amma ka kula sosai, izinin sikirin daban izinin otofailot daban, na otofailot samfuri samfuri ake bayarwa. 172 yana ciki, wani jirgin sai ka duba jerin da idonka kafin ka ba da ko sisi.

G3X Touch ya samu izini a 2019, inci 7 a kan dala 7,995, inci 10.6 a kan 9,995, wannan farashin fara magana ne kawai, na'urar inji GEA 24 da firikwensin kowace silinda da sauran tarkace suna sama. Dole a sa masa na ko-ta-kwana a gefe, yawanci G5 ko GI 275, kuma abin da na fi so a tsarin shi ne in babban sikirin ya mutu ƙaramin zai ci gaba da tuƙa GFC 500. Dilan Garmin ne ke sawa, dilolin kuma sun fi na kowa yawa a duniya, kuma ranar da za ka sayar da jirgi sunan yana jan mai saye. Akwai babban yayansa G500 TXi, amma ga 172 kuɗinsa ya wuce hankali, na Bonanza da masu inji biyu ne.

Wani abu da mutane ba su sani ba sai sun biya: Dynon da G3X duk suna da GPS a ciki amma na taswira ne, ba a yarda ka yi saukar IFR da shi ba, wato sauka da dogaro da na'urori lokacin da ba ka ganin waje. Sai ka haɗa da na'ura mai izini, GTN 650Xi ko GPS 175 ko GNX 375 ko Avidyne IFD440. In tsohon GPS na Garmin GNS 430W ne da kai yana aiki da duk zaɓin nan, sai dai Garmin ya riga ya sanar kayan gyaransa suna ƙarewa, IFD440 kuma yana zamewa cikin mazauninsa kai tsaye ba sai an sake wayarin ba.

Ga su a jere, farashin na lokacin fitowa ne, yau duk sun hau:

| Zaɓi | Farashin fara magana | Girman aiki | Batirin ciki | Tsohon otofailot mai son karkata | GFC 500 | Inji da taswira |
|---|---|---|---|---|---|---|
| AV-30-C | wajen dala 2,000 ɗaya | ƙarami | wajen awa 2 | a'a | a'a | a'a |
| G5 biyu | dala 2,000 da 'yan kai ɗaya | matsakaici | har awa 4 | a'a | e | a'a |
| GI 275 biyu | wajen dala 4,000 ɗaya | matsakaici | minti 60 | e | e | inji sai an ƙara na uku |
| Aspen E5 | dala 4,995 | matsakaici | akwai | ta ƙarin akwati | a'a | a'a |
| Dynon HDX | ya danganta da haɗin | babba | akwai | nasa ya fi so | a'a | e |
| G3X Touch | dala 7,995 zuwa 9,995 | babba | na ko-ta-kwana ke riƙewa | a'a | e | e |

A lissafin kai, G5 biyu har a gama sawa sukan tashi wajen dala dubu goma, GI 275 biyu su haura haka da 'yan dubbai, babban sikirin da inji da otofailot da sabon GPS kuma dubu arba'in zuwa sittin ba abin mamaki ba ne, wanda a wasu tsofaffin 172 ya kusa rabin kuɗin jirgin ko fiye. Kuma ba ka mayar da shi duka ranar sayarwa, jirgin zai fi saurin samun mai saye dai.

Batun ƙarko kuwa, waɗannan na'urori ba su da abin da ke juyawa a ciki don haka ba sa gajiya irin ta jairo, amma in sun lalace ba makanike da zai buɗe ya gyara, cirewa ake a aika kamfani a biya kuɗin gyara da suka yanke. Batiransu suna tsufa ana gwada su ana canzawa. Zafi kuma abokin gabarsu ne, jirgin da ke kwana a rana ba rufi a gilashin gaba dashbod ɗinsa yana zafin da ba ka iya ɗora hannu, ka saya masa mayafi tun ranar farko. In jirginka rajistar Najeriya ce mai 5N, takardar FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, kaɗai ba ta isa ba sai NCAA ta Najeriya ta amince da canjin, ka fara wannan magana kafin kaya su taso. Ka tuna kuma saukar LPV, wato sauka da jagorar GPS, da ake tallata sababbin GPS da ita tana dogara ne da tsarin gyara siginar GPS irin WAAS na Arewacin Amurka ko EGNOS na Turai, a yankinmu ILS da VOR, wato siginar rediyo daga ƙasa mai nuna hanya, suna da sauran aiki, GPS 175 kuma ba shi da su, don haka kar ka bari a cire maka tsohon rediyon da ke kama su.

Abu ɗaya da nake roƙonka: kar ka biya kuɗin buɗe dashbod sau biyu. Kamar mai gini ne da ya gama filasta da fenti sannan ya tuna bai binne bututun waya ba. In ka san nan da shekara biyu otofailot za ka sa, ko agogon inji, ka ce a ja wayoyinsu yanzu a naɗe a ajiye a bayan allo. Ka nemi a rubuta maka farashi dalla dalla, kaya daban aiki daban, da abin da za a yi in an tarar da ɓarna a ciki, da gwajin bututun iska na gudu da tsayi, da sabon lissafin nauyin jirgi, da takardun da za a liƙa a littafin jirgin. In za ka sa agogon inji na dijital ka tambayi batun firikwensin tankin mai, tsofaffin masu tangaɗi za su ci gaba da ƙaryarsu a sabon sikirin, da yawa suna canza su da na kamfanin CiES a lokaci ɗaya.

To wa ya dace da wanne

In tashinka na rana ne, ƙarshen mako, kana zagaya kusa da gida da iPad a cinya mai manhajar taswira irin ForeFlight ko Garmin Pilot, taswira ka riga ka samu, AV-30-C ɗaya ko G5 ɗaya a gurbin agogon karkata ya ishe ka, sauran kuɗin ka zuba a mai da awannin tashi.

In kana tashin IFR ko kana shirin yin lasisinsa kuma jirgin ba shi da otofailot ko nasa ya mutu, G5 biyu da GFC 500 da GPS mai izini. Wannan ne zan nuna wa mafi yawan masu 172 da Cherokee, kuma ba hanya ce mai toshewa ba, ranar da ka samu hali ka sa G3X ɗaya G5 ɗin zai zama na ko-ta-kwana, GMU 11 da GAD 29B da otofailot duk su ci gaba da aiki.

In kana da Century ko King mai lafiya da ba ka son rabuwa da shi, GI 275 samfurin otofailot, ko Aspen da EA100, kuma ka sa shagon ya rubuta maka sunan otofailot ɗinka a takarda cewa an yarda da haɗin. In rediyoyinka da GPS na kamfanoni ne barkatai kuma idonka yana son rubutu manya, Aspen ya fi kwanciya.

In jirgin nan shi ne naka na shekara goma masu zuwa, injinsa yana da sauran rai, ba tsatsa a jiki, kana tafiya mai nisa da iyali, to ka yi babban aikin sau ɗaya. Dynon in kana Amurka, kana da injiniyan da ka yarda da shi kuma otofailot ɗinsu yana da izini a samfurinka. G3X in ka riga ka shiga gidan Garmin ko jirgin yana zaune inda dila mafi kusa na Garmin ne. In kuwa injin ya kusa awa 2,000 na gyaran gaba ɗaya, ka fara da injin, sikirin ya jira, ka sa G5 ɗaya kafin nan.

Makarantar koyon tuƙi ko jirgin haya da hannaye da yawa ke taɓawa, G5 biyu, don ɗalibi yana gane shi cikin tashi ɗaya ko biyu, tsofaffin agogunan gudu da tsayi suna nan ya koyi karanta allura, in ɗaya ya lalace kuma jirgi ba zai yi wata a hanga yana jiran kaya ba.